Ɗan tseren da ya shiga maƙera

A shekarar 1913, ana tsaka da gasar tseren keke ta Tour de France, wani Bafaranshe mai suna Eugène Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Dokar wancan lokaci ta ce ɗan tsere shi kaɗai zai gyara kekensa. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka da ƙafa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Ya yi sa'o'i yana ƙira, alƙalan gasa na tsaye a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya san hannu biyu ba za su riƙe ƙarfe, su buga guduma, su kuma yi zuga ba. Wani yaro ya kama masa zuga, kuma saboda wannan kaɗai aka ci shi tarar mintoci. Ya hau kekensa, ya ƙarasa gasar a matsayi na bakwai.

Waiwaye adon tafiya, in ji Bahaushe. Keken da James Moore ya ci tsere da shi a Saint-Cloud, kusa da Faris, a 1868, fedarsa a jikin tayar gaba take. Daga nan aka shiga yayin keke mai ƙatuwar tayar gaba, wanda ke kifar da mahayi da ka. A 1885 John Kemp Starley na Coventry ya fito da keke mai sarƙa irin wanda muka sani, a 1888 kuma Dunlop ya kawo tayar iska.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masu gasar suka daɗe suna ƙin giyar keke. Henri Desgrange, wanda ya kafa Tour de France a 1903, gani yake sauƙi yana ɓata namiji. Idan an zo gindin dutse, sai ɗan tsere ya sauka, ya kwance tayar baya, ya juya ta ɗaya gefen don ya canza giya, ya ɗaure, ga sanyi yana cin yatsu. Irin wannan wahalar ce ta sa Tullio Campagnolo, ɗan Italiya, ya ƙera maɗaurin da ake cire taya da shi nan take. Sai a 1937 aka bar 'yan Tour de France su canza giya suna bisa sirdi.

Yau keken tsere na zaren kabon ne, har hukumar tseren keke ta UCI ta hana ya gaza kilo 6.8. Mota na biye da ɗan tsere, bakanike a ciki, wani keken a samanta. Ina murna da wannan sauƙi. Amma ina ganin kuskure ne a raina wanda ya san kayan aikinsa ciki da waje, domin mutanen da suka ji ciwon keke a jikinsu su ne suka gyara shi. Shi ya sa nake ganin girman tsohon mai facin keke a unguwarmu, wanda da jin ƙarar Raleigh zai gaya maka inda take ciwo.

Christophe shi ne ya fara sanya rawayar rigar jagoran gasar a 1919. A wannan shekarar ma, yana kan gaba, saura kaɗan a kammala, ƙarfen nan ya sake karyewa. Ya sake gyarawa da hannunsa, ya zo na uku.