A Gwada Kafin A Sauya

Tun da Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991, kyauta kuma kowa na iya gyara ta, rassanta suke ta tofo: Debian a 1993, Ubuntu a 2004, Linux Mint a 2006. Saboda haka ɗalibin da ya taso daga Bena ta ƙasar Zuru da tsohuwar kwamfutar cinya, wadda Ubuntu ta yi wa nauyi, kada ya yar da ita. Sauya mata manhaja marar nauyi irin Lubuntu ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Amma a ganina, mu ɗaliban Hausa ma'auninmu na farko shi ne: shin sabuwar za ta rubuta ɓ da ɗ da ƙ? Wanda ƙasa ta zame masa kasa ya ɓata kundinsa. Linux tana da tsarin madannai na Hausa. A ɗora sabuwar a filashi a gwada tukuna, domin gani ya kori ji. Sa'an nan a kwafe kundin bincike a wani wurin, gama girka sabuwa kan share duk abin da ke ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.