Awon tsawon bakin mahaifa: Damar da jinkirin zuwa asibiti ke kuɓutar wa mata

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa jarirai kimanin miliyan 13.4 aka haifa bakwaini a shekarar 2020, wato kafin ciki ya cika mako 37. Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan irin wannan haihuwa.

Ɗaya daga cikin alamun da ke gargaɗin likita tun da wuri ita ce gajartar bakin mahaifa. A ƙa'ida, wannan gaɓa tana zama a rufe da tsawonta har naƙuda ta matso. Idan tsawon ya sauko zuwa milimita 25 ko ƙasa da haka kafin mako 24, haɗarin ɓari ko haihuwar bakwaini yana ƙaruwa, sau da yawa ba tare da mace ta ji ciwo ba.

Ana yin awon ne da na'urar hoton ciki ta farji, wadda ta fi ta saman ciki daidaito, tsakanin mako 16 zuwa 24. Kafin wannan lokaci sakamakon ba abin dogaro ba ne sosai, don haka bai kamata hoton watannin farko ya tayar wa mace da hankali ba.

Idan an gano matsalar, likita kan ba da maganin furojestaron da ake sakawa ta farji, ko ya ɗinke bakin mahaifar, musamman ga wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko ɓarin babban ciki.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 18 cikin ɗari ne kacal na masu juna biyu suka fara awon ciki a watanni ukun farko. Wadda ta jira sai wata na shida, ta iso ne ƙofar na gab da rufewa.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas, da hoton ciki ɗaya kafin mako 24. Cimma hakan na buƙatar gwamnatoci su samar da na'urori da ƙwararru a asibitocin karkara, ungozomomi su riƙa tambayar tarihin cikin baya, magidanta kuma su ba da izini da kuɗin mota tun ciki yana ƙarami.