Cikin ƴar shekara 15: zancen da muke yi da raɗa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, yau za mu taɓo maganar da aka fi yi a bayan rumfa da ƙaramar murya: yarinyar da ba ta gama girma ba, ga ta da ciki.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Ingila, a 1999 gwamnati ta ɗauki shiri na shekara 10 don rage cikin ƴan mata, da wayar da kai da ɗakunan likita na matasa, kuma adadin ya ragu da fiye da rabi. Can yawancin cikin ba na aure ba ne. A nan Nijar kuwa galibinsa da guɗa ake kai yarinyar ɗaki. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan ƙasar nan an yi musu aure kafin shekara 18, kuma ƴan mata 4 cikin 10 masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. Shi ya sa ba mu ganin abin da girma: tunda da miji, sai mu ce alheri ne.

To amma ƙugun yarinya bai san an ɗaura aure ba. In ƙashi bai buɗe ba, naƙuda takan yi kwana biyu, kan ɗa ya danne mafitsara, ɗan ya mutu, uwar ta tashi da yoyon fitsari. Ba don banza aka buɗe asibitin masu wannan ciwo a Danja kusa da Maraɗi a 2012 ba. Jijjiga da zubar jini su ma sun fi kama ƙananan uwaye. Wadda aka kai da kiɗa, sau da yawa ita ce ake maido wa iyayenta shiru, miji ya ƙaurace saboda wari.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi mana ɗaci: cikin da aka yi a waje. A nan dole mu dubi faifan talla. Uwa tana neman kuɗin kayan ɗaki, ta aza wa ɗiya goro ko fura, ta ce kada ta dawo sai sun ƙare. Wa ke saye a tasha bayan isha'i, kuma da wane sharaɗi? Mun sani. In abu ya faru, yarinyar ake duka, ita ake turawa ƙauye, ita ke shan jiƙon da zai iya kashe ta. Ƙaton da ya yi aikin yana nan bakin shagonsa yana shan shayi.

Batun lakwal ma ƙasashe sun sha bamban. Saliyo ta hana masu ciki shiga aji a 2015, kotun CEDEAO ta ce hanin ya saɓa haƙƙi a 2019, aka janye shi a 2020. Tanzaniya ta janye nata a 2021. Mu ma an sa hannu kan dokar kare karatun ɗiya mace a watan Disamba 2017, wani umurni na 2019 ya ba wadda ta yi aure ko ta haihu damar komawa aji. Iyaye nawa suka san da haka? A rediyo ma ba mu faɗa yadda ya kamata.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Tallar dare a daina ta. Yarinyar da ta riga ta samu ciki, na aure ko wanda ba na aure ba, a kai ta awo tun watannin farko, ta haihu a likita, kada a jira naƙuda ta kwana. Maza ma a sa su ciki, kamar yadda makarantar mazaje da aka fara a jahar Damagaram ta nuna zai yiwu. Shugabannin mata na kasuwa, ku da kuke haɗa adashi duk mako, ku sa wannan magana a zamanku na gaba, ku kira ungozomar unguwa ta zo ta yi bayani.