Kafin Mu Zargi 'Yan Adawa, Mu Ƙirga Mazauna Majalisa

Idan aka ambaci kimiyya, abin da ke fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne ɗakin gwaje-gwaje da kwalabe da madubin ganin ƙananan halittu. To, amma akwai wani reshe na ilmi da ake kira kimiyyar siyasa, wanda ɗakin gwajinsa shi ne zauren majalisa, kayan aikinsa kuwa ƙirga da kwatanci. Masana wannan fanni sukan yi tambayoyi biyu game da majalisun dokoki na jihohi: su wane ne ke zaune a ciki, kuma yaya 'yan adawa ke tafiyar da al'amuransu? A ganina, tambayoyin nan biyu tamkar jini da tsoka suke. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa adawa ke yin ƙarfi ko rauni, sai ya fara duba ta wace ƙofa wakilai suka shiga majalisa, kuma daga ina abincinsu ke fitowa.

Bari mu fara da tarihinmu. Masana irin su C. S. Whitaker, Ba'amurke, a littafinsa na 1970, da Billy Dudley na Jami'ar Ibadan, a nasa na 1968, sun yi nazarin siyasar tsohuwar Jihar Arewa. Whitaker ya bi asalin wakilan majalisar da ke zama a Kaduna, da irin aikin da kowannensu ke yi, sai ya tarar mafi yawansu 'ya'yan gidan sarauta ne ko ma'aikatan En'e. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka dubi yadda aka yi zaɓen 1951. Mataki-mataki aka yi shi, kuma a matakin ƙarshe an bai wa En'e damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi abin kirki a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta samu kujera ba. Mutumin da albashinsa da ƙarin girmansa ke hannun En'e kuwa, da wuya ya miƙe a zaure ya soki tsarin da ke ciyar da shi.

Sa'an nan akwai lissafin zaɓe shi kansa. Masanin nan na Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana tun 1951 cewa tsarin da ke bai wa wanda ya fi ƙuri'a kujerar mazaɓa ɗungurungum yakan danne ƙananan jam'iyyu. Ga misali mai sauƙi: a ce akwai mazaɓu 10, a kowace ɗaya jam'iyyar farko ta samu ƙuri'a 60 cikin 100, ta biyu ta samu 40. Ta farko za ta kwashe kujeru 10 cif, ta biyu ta tashi a tutar babu, alhali mutum 4 cikin kowane 10 ita suka zaɓa. A zaɓen Jihar Arewa na 1961, NPC ta samu kujeru 160 daga cikin 170. Adawar da aka matse haka ba ta da ikon hana doka wucewa. Abin da ya rage mata shi ne jawabi, ko ficewa daga zaure, ko sauya sheƙa.

Idan kuma masu adawa da gwamna suka yi rinjaye, sai halinsu ya sake. A Jihar Kaduna a 1979, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci kujerar gwamna, amma NPN ce ke da mafi yawan kujerun majalisa. Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da ya miƙa, har ta tsige shi a ranar 23 ga Yuni, 1981. Wato dai yawan kujeru shi ke nuna irin makamin da adawa za ta ɗauka. Tsarin Mulkin 1999 ya iyakance kujerun majalisar jiha tsakanin 24 da 40, ya kuma ce sai da kashi biyu cikin uku na wakilai ake tsige gwamna. Sashe na 109 ya tanadi cewa wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Duk da haka sauya sheƙa bai gushe ba, domin siyasa ta zama sana'ar da wakilai da yawa suka dogara da ita.

Yanzu sai mu dubi waɗanda ba sa cikin zauren. Matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, duk da gwagwarmayar Hajiya Gambo Sawaba da aka ɗaure sau da dama. A zaɓen 2023, mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na wakilan majalisun jihohin Nijeriya ba, kuma jihohi da dama a Arewa, har da Kano mai kujeru 40, ba su zaɓi mace ko ɗaya ba. Matasa kuwa sai a 2018 aka rage musu shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25.

Wani zai ce, ai asalin mutum ba shi ne ra'ayinsa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai da alƙalai ne, amma ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare talakawa. Sai dai kimiyya ba ta yanke hukunci da mutum ɗaya. A ƙasar Indiya, doka ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na shugabancin majalisun ƙauyuka, kuma ba a bi son rai wajen fitar da ƙauyukan ba, abin da ya sa lamarin ya zama kamar gwaji. Binciken Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo na 2004, a jihohin Bengal ta Yamma da Rajastan, ya nuna cewa inda mata ke shugabanci an fi kashe kuɗi a kan ruwan sha, wato abin da matan suka fi kokawa a kai. Ashe dai mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun sakandare da su mayar da wannan batu darasi. A sa ɗalibai su nemo sunayen wakilan majalisar jiharsu, su tsara jadawali: jam'iyya, jinsi, shekaru, sana'ar da wakili ke yi kafin zaɓe, da ko ya taɓa sauya sheƙa. A fitar da kashi cikin ɗari, a kwatanta da yadda jama'ar jihar suke. Ɗalibin da ya yi wannan ƙirga da hannunsa, ranar da ya isa jefa ƙuri'a zai san tambayar da zai yi wa ɗan takara. Allah Ya ba mu wakilai nagari, amin.