Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kebbi Kan Abin Da Ke Cikin Kwanonmu

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,



Ranka ya daɗe, duk inda ɗan Kebbi ya shiga a ƙasar nan, da shinkafa ake yi masa kirari. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance a watan Nuwamban 2015. A 2016 shinkafarmu ta shiga kasuwannin Legas da sunan Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, ga Labana nan a babban birni. Kifi kuwa tun 1934 ake taruwa dominsa a bakin Matan Fada, har UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya a 2016. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 66 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar nan sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A lokacin babu jihar da ta kai mu, alhali a ƙasa baki ɗaya 37 ne. Wannan ciwo ka gaje shi ne, amma yanzu a hannunka maganin yake.

Tamowa kowa ya san ta, tunda har likitocin MSF suna kwantar da yara a Maiyama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a gidan da yaro ya tsumbure, a nan za ka tarar da uwa mai ƙiba amma jininta ya yi ƙasa, da uba mai tumbi da ke haɗiyar maganin hawan jini. A cikin gari da wuya ka sami dangin da ba su da mai ciwon suga, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana tsakiyar ƙarfinsa. Ana kallon waɗannan a matsayin cutar masu hali, tamowa kuma ta talaka. Ni kuwa ina ganin daga tukunya ɗaya suke fitowa, shi ya sa nake roƙon gwamnatinka ta haɗa su a aiki ɗaya.

A duba abin da muke ci. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa da mai da yaji, da dare tuwon shinkafa da miyar da dunƙulen magi ya fi komai yawa a cikinta. Farar shinkafar da injin ya goge tas ta rabu da dusarta, kuma a dusar nan ne yawancin sinadaranta masu amfani suke. Tana cika ciki, tana saurin ɗaga sukarin jini, amma ba ta isa ta gina jikin yaro ita kaɗai ba. Gero da dawa da iyayenmu suka rayu a kansu sun fara zama abincin ƙauye a idon 'ya'yanmu. Daddawa ta ja baya. Kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli sun koma abin marmari. Masunci na sayar da kifinsa kaf, manomi ya sayar da wakensa, matar gida ta aika da ƙwan kajinta kasuwa, a sayo taliya da lemon kwalba. Maigida kuma ya ci tsire a bakin titi, ya shigo gida yana sakace. Talauci gaskiya ne, ba na musun tsadar abinci, amma wani ɓangare na abin nan zaɓi ne, zaɓi kuma ana iya gyara shi. Likitoci sun daɗe da gano cewa yaron da bai sami abinci mai gina jiki ba tun yana ciki har ya cika shekara biyu ya fi shiga haɗarin ƙiba da ciwon suga idan ya girma ya sami wadata.

Akwai kuma abin da ke ƙona mini rai ƙwarai. Mun ɗauki ƙiba alamar hutu, har amarya idan ba ta ciko ba sai a ce mijin ba ya kula da ita. Saboda haka 'yan mata ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda cikinsu akwai magungunan asibiti masu kumbura jiki, su tayar da hawan jini da ciwon suga. Ana samunsu ba tare da takardar likita ba. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta haɗa hannu da NAFDAC a bi shagunan magani da kasuwanni a hana wannan ciniki.

Ranka ya daɗe, kai malamin makaranta ne, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ka fi ni sanin abin da yunwa ke yi wa ɗalibi a aji. Makarantun kwana na jiha a ƙarƙashinka suke. A sake tsarin girkinsu: wake da ganye da kifi su shiga, a sayo su daga manoma da masuntan Argungu, Yauri da Bagudo, kuɗin ya zauna a gida. A rage sayar da lemon kwalba a harabar makaranta. Harajin naira 10 kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba, amma dokar makaranta za ta hana. Tunda kuma shinkafa ba za ta bar kwanonmu ba, a ƙara mata ƙarfi. Ƙasar nan ta daɗe da wajabta sa aidin a gishiri, da bitamin A a man girki da sukari. Ana iya ƙara wa shinkafa sinadarin ƙarfe da zinc tun a wurin casa, kamfanonin kuma ga su a ƙofarmu. Gwamnati ta zama mai sayen farko.

A asibitocin matakin farko na ƙananan hukumomi 21, a tanadi ma'aunin hawan jini da na suga da sikeli masu aiki, duk wanda ya kawo yaro awo shi ma a auna shi. Kuɗin abinci mai gina jiki da ake rubutawa a kasafi kuma a sake su a kan kari, a bayyana wa jama'a nawa aka fitar.

Wayar da kai kuwa ba a otal za a yi ta ba. Mai martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya jagoranci sarakunan Arewa a yaƙi da shan inna, an kuma ga tasirin bakin hakimai da limamai. Su za su iya gaya wa kaka ta daina zubar da dakashi, a shayar da jariri nono zalla wata shida, su gaya wa magidanta cewa gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba. Ina roƙon ka zauna da sarakunan Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru kan wannan batu kafin a rubuta kasafin baɗi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan jiha daga Argungu