A Buɗe Wa Marasa Matsuguni Gidajen Gwamnati Da Ke Kulle

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Rogo da Ƙaraye game da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da ruwan Agusta yake yi wa ginin ƙasa. A daminar da ta wuce, wani maƙwabcina mai sayar da kayan koli ya wayi gari ɗakunansa biyu sun zube. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Matarsa da ƙananan yara suka koma gidan iyayenta, samarin suka raɓe a zauren wani, shi kuwa yana kwana a rumfar kasuwa tare da kayansa. To, abin da ya fi ba ni takaici, ba nisa da wajen akwai wani gini na hukuma, da kwanonsa da ƙofofinsa, an garƙame shi shekara da shekaru, ba mai shiga sai jemagu da awaki. Ashe akuya ta fi talaka gata ke nan?

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Dattawa sun tuna gidajen Shagari da aka gina tsakanin 1979 da 1983, waɗanda da yawansu aka kafa su a bayan gari aka bar wa ciyawa. Makarantun tsangaya fiye da 150 da aka gina a zamanin Jonathan, da dama sun lalace ba a more su ba. A Kano kuma ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, na zamanin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, waɗanda suka daɗe wasu ba kowa a ciki, har a 2025 sai da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba waɗanda suka saya wa'adi su tare ko a karɓe. A Abuja ma, a watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya gidaje 753 da hukumar EFCC ta ƙwato a wuri guda. Gidaje dai akwai su, Edita, masu shiga ne ba a nema a inda suke.

Mu a nan ba ma neman irin waɗancan. Wa zai ɗauki manomi daga Fulatan ya kai shi Bandirawo, ya bar gonarsa? Abin da muke nema shi ne kowace ƙaramar hukuma ta zagaya ta ƙidaya gine-ginenta da ba a amfani da su: gidajen malamai da na ma'aikatan lafiya da ba mai kwana, tsofaffin ofisoshi, da rumbunan taki da suka zama kango. Wanda ya tsage a rabu da shi, kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ƙofa da ɗan kwano kawai yake buƙata, a gyara.

Na san abin da za a ce. Za a ce in talaka ya shiga gidan gwamnati ba ya fita. Akwai gaskiya a ciki, amma maganinta ba wuya. Ai ba a ginin ƙasa da damina, sai an yi girbi tubali ya samu rana. Saboda haka a ba mutum aro na wata shida ko bakwai, a rubuce, a gaban dagaci da limami, da shaidu biyu daga danginsa. Mai unguwa ya san wanda gidansa ya faɗi da gaske da kuma wanda yake son banza. Tsoron da nake da shi ba na talaka ba ne, na 'yan siyasa ne, kada a buɗe gidajen da sunan gajiyayyu a wayi gari yaran kansila ne a ciki. Don haka a liƙa sunayen a ƙofar masallacin Juma'a kowa ya gani.

Kuma a daina zuba mutane a azuzuwan firamare, domin da an koma hutu sai a ce su tashi, ko kuma yara su rasa wajen karatu.

A tuna kuma muna iyaka da Katsina da Kaduna, kuma mun ga bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, yawanci mata da yara, suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. A sa su a cikin lissafin.

Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Ƙaraye, wanda Rogo take ƙarƙashin masarautarsa, Allah ya ja zamaninsa, ya umarci hakimai da dagatai su kawo masa jerin irin waɗannan gine-gine tun da rani, kafin hadari ya fara haɗuwa.



Naka mai karatu kullum,
daga Fulatan, Ƙaramar Hukumar Rogo, Jihar Kano.