Aikin da kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirgawa

A kusan kowane sashe na jami'o'inmu akwai ofis guda da ɗalibai ke nufa idan abu ya ɓaci, kuma yawanci na malama ne. Ɗalibar da mijinta ya ce ta bar karatu, wadda wani malami ya matsa wa lamba, yaron da ya wuni bai sa komai a cikinsa ba, duk ƙofarta suke ƙwanƙwasawa. Sai ta ture takardun da take dubawa, ta saurara, ta rarrasa, wani lokaci har ta buɗe jaka. Daga nan ta saki fuska ta shiga aji kamar ba a yi komai ba.

Tun 1983 masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, Arlie Hochschild, ta nuna cewa danne zuciya da sakin fuska saboda aiki shi ma aiki ne, bayan ta nazarci masu hidimar fasinja a jirgin sama. Mu a nan sai mu ce ai halin uwa ne, shi ke nan an sallame ta da yabo.

To amma ranar ƙarin girma maƙalu ake ƙirgawa. Awa biyun da ta ɓatar kan ɗaliba mai kuka, abokin aikinta da ya kulle ƙofa ya yi rubutu da su. Bayan 'yan shekaru ya zama farfesa, ita tana nan, ana cewa ba ta da himma.

Talauci ma yana da hannu. Malamin da ya tashi a gidan da ake sayar da akuya a biya kuɗin makaranta, mace ko namiji, ba ya iya kau da kai, domin kansa yake gani a jikin yaron. Ga 'yan garinsu da ake turo masa. Irinsa ne suka fi jin jiki a yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 da aka riƙe albashi, kuma su ɗalibai suka fi rugawa wajensu da jami'o'i suka ƙara kuɗin rajista a 2023.

Ba cewa nake malamai su daina tausayi ba. Shugabannin sassa su riƙa juya aikin kula da ɗalibai tsakanin maza da mata, a rage wa mai yinsa darussa, a ba shi maki a takardar ƙarin girma. Ofishin ba da shawara kuma a sa masa ƙwararru, a gaya wa ɗalibai inda yake tun makon farko.